Ɗari Huɗu, In Ji 'Yata

Shafi na 14

"Umma, in yaro ya yi ƙarya don kada uwarsa ta yi kuka, shi ma wuta zai shiga?"

Ina durƙushe ina ɗaura mata igiyar takalmi ta jefo min tambayar nan. Ko ɗagowa ban yi ba, don mun riga mun makara.

"Wa ya yi ƙaryar?"

"Ba kowa. Wata ce a ajinmu."

"To ki ce wa watan ta tuba ta daina. Miƙo ɗayar ƙafar."

Ta miƙo. Can ta ce, "Yau Laraba ko?"

"Laraba."

"Yau Baba Mai Makulli zai zo karɓar kuɗin haya."

"In Allah ya kai mu la'asar. Kuɗinsa na nan a ajiye."

"Umma, cikina yana ciwo."

Dama na san sai ta faɗa. Duk farkon wata sai cikin nan ya motsa. Har asibiti na kai ta, likita ya danna nan ya danna can, ya ce lafiyarta ƙalau. Ko da yake ita ce ta gaya min abin da ya ce.

Shekararta bakwai. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake kiranta Mamana. Tun da ta shiga makaranta Italiyanci ya zauna mata a baki kamar da shi aka haife ta, ni kuwa daga gaisuwa sai na gode. Ita ce bakina a kanti, ita ce bakina wurin mai magani, ita ce bakina gaban mai gidan da muke haya. Da Abbanta ya tafi aikin gona wani gari, wayarsa ta daina shiga, sai ya zama daga ni sai ita a ɗaki ɗaya, a hawa na uku.

A lokacin ne matar ofishin kula da yara ta taɓa zuwa mana, da tafintanta. Abu biyu ta ce. Yarinya tana bukatar tsayayyen wurin kwana, tana kuma bukatar babba mai lafiya da zai kula da ita. Duk ranar da ɗaya ya ɓace, za su kai ta wani gida kafin abubuwa su daidaita.

Mamana na gefen katifa tana wasa da murfin kwalba. Na ɗauka hankalinta ba ya wurin.

Tun daga ranar ban taɓa bari kuɗin haya ya wuce lokacinsa ba. Gara mu sha shayi babu madara.

*

Na kai ta makaranta, na wuce gidan wanki inda muke wanke zannuwan otal. Tururi ne ya tare ni tun daga ƙofa, sai kuma muryar Yaya Mai Guga. Ta fi shekara ashirin a garin nan, kuma bakinta ya fi dutsen gugarta zafi.

"Ga 'yar makaranta ta iso! Kama nan, malama. Daga ina muka tsaya jiya?"

"Yaya, bari in sa rigar aiki mana."

"Ki sa da hannu, ki ƙirga da baki. Ai ba da baki ake sa riga ba."

Ita ce ta tayar da zancen karatun nan, ranar da ta gan mu a kanti Mamana na tambayar kuɗin albasa ni ina tsaye riƙe da jaka. Washegari ta tsare ni gaban injin matsa.

"Ke ko kunya ba kya ji? Gandamemiya da ke, 'yar da ba ta gama famfara ba ce ke miki ciniki? In ta yi aure fa, sai ki bi ta ɗakin miji ta riƙa tambayar miki kuɗin gishiri?"

Na yi dariya a lokacin, amma maganar ta kwana a raina. Shi ne muka fara, ba allo ba biro. Ta kama bakin zani, in kama ɗaya bakin, mu haɗa, mu ninke, in faɗi lamba.

"Uno."

"Haka ne."

"Due. Tre. Quattro."

"Buɗe baki! Wa kika ci wa bashi da kike raɗa?"

"Cinque. Sei. Sette. Otto. Nove. Dieci."

"Ɗauri ɗaya ke nan. Ɗaure ki jefa a keke."

Zani goma ɗauri ɗaya, ɗauri goma keke ɗaya. Da haka na koyi goma-goma, da haka na koyi cento, wato ɗari. Keke biyu duecento. Keke huɗu quattrocento. Shi na fi riƙewa, don shi ne kuɗin ɗakinmu.

"Hamsin fa?" in ji Yaya.

Na hau lalubo ta da yatsu.

"Kullum a nan kike faɗuwa. Cinquanta! Ki ci ki kwanta, abin da kika fi iyawa. Maimaita."

"Cinquanta."

"In kina son tambayar nawa?"

"Quanto."

"Wata?"

"Mese."

"Kuɗi?"

"Soldi."

"To alhamdulillahi, jaka ta fara gane hanyar gida. Kin gaya wa 'yar taki kina koyo?"

"A'a. So nake in ba ta mamaki. Yau mai gida zai zo, zan bi shi da ƙirga a zuci in ga ko zan gane."

"Ki gane mana. Mu da muke ƙirga zannuwan da wasu suka kwana a kai, kuɗinmu ne zai gagare mu?"

Da murnata na bar wurin aiki ranar nan. Wallahi da murnata.

*

Muna shiga ɗaki Mamana ta ajiye jakar makaranta ta hau gyare-gyare, kamar yadda ta saba duk ranar haya. Ta cire rigar aikina daga bayan ƙofa ta cusa ƙarƙashin filo. Ta tura takalmin aikina can ƙuryar gado.

"Wai me rigar nan ta tsare miki?"

"Don ɗakin ya yi kyau. Umma, zauna a kujera."

"Ban ko sha ruwa ba."

"Zan kawo miki. Ki lulluɓa da bargo."

Watannin baya ta ce min tsohon ba ya son a tsaya masa a ka in yana ƙirga kuɗi, kuma ba ya son ganin mace ba lulluɓi. Na ce to, kowa da halinsa. Har daɗi na ji, na ce ashe mutumin kirki ne.

Na zauna. Na lulluɓa.

Sai ga ƙarar makullai daga ƙasan bene. Tarin makullai ne yake ratayawa a ɗamara, tun kafin ka gan shi za ka ji shi, shi ya sa muke ce masa Baba Mai Makulli. A ɗaya gefen gari yake zaune, sau ɗaya a wata muke ganinsa. Yana hawowa yana haki, yana tsayawa a kowane hawa.

Ya shigo da leda a hannu. Madara, burodi, lemu. Wata na biyu ke nan yana zuwa da leda. Ya ajiye a kan tebur a hankali, ya dube ni da wani irin kallo mai sanyi, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ya ce ina wuni," in ji Mamana.

"Ki ce lafiya lau, mun gode da ɗawainiya."

Ta juya ta yi masa magana. Ta ɗan yi tsawo fiye da tawa, amma dama na san yarensu da jan zance.

Na miƙa mata kuɗin, ta miƙa masa. Ya lashi yatsa ya fara.

"Cento."

Ɗari, na ce a zuci.

"Duecento. Trecento."

Ina bin sa! Wallahi ina bin sa! Sai da na danne murmushi da bakin bargo.

"Quattrocento."

Ya tsaya. Ya juya kuɗin, ya duba ko wata takardar ta manne. Ya ja dogon numfashi. Sannan ya duƙo daidai tsawon Mamana ya yi magana mai yawa, a tausashe, yana girgiza kai. Duk ta wuce ni kamar ruwan famfo. Amma a tsakiyarta wata kalma ta tsaya min a kunne.

Cinquecentocinquanta.

Na warware ta a raina kamar ɗaurin zani. Cinquecento, keke biyar. Cinquanta, rabin keke.

Ɗari biyar da hamsin.

Mamana ta juyo da murmushi, irin wanda ba ya kaiwa ido.

"Ya ce ya gode, ɗari huɗu cif. Sai wani watan."

Na dube ta. Hannunta ɗaya na dafe da ciki.

"Shi ke nan abin da ya ce?"

"Shi ke nan."

"Ba wata lamba?"

"Babu, Umma."

Na ce ko ni ce ban ji daidai ba, ɗalibar jiya-jiya. Na juya wurin tsohon. Harshena ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo.

"Quanto?"

Su biyun suka waigo lokaci ɗaya.

"Un mese," na ɗaga yatsa ɗaya, na nuna ɗakin. "Quanto?"

"Umma!" Mamana ta yi tsalle ta shiga tsakaninmu. "Bari in tambaye shi! Ba ki iya ba, zai yi miki dariya!"

"Matsa."

"Umma, don Allah..."

"Na ce matsa, Mamana."

Tsohon ya dube ni, ya dube ta. Ya buɗe tafin hannu, yatsu biyar.

"Cinquecento," ya sake buɗewa, "cinquanta, signora."

"No quattrocento?"

Ya girgiza kai. Ya yi nuni da babban yatsa ta bayan kafaɗa, alamar da can ne. Sai ya ɗaga yatsu huɗu.

"Quattro mesi."

Wata huɗu.

Wata huɗu da ƙara kuɗin haya, ni ina miƙa tsohon farashi ina lulluɓe da bargo ina cewa mun gode.

"Centocinquanta," ya ce, yana lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ɗari da hamsin ɗin da ba na cikawa. Sau huɗu ya faɗa. Kafin ya kai ƙarshe na riga shi.

"Seicento."

Ɗari shida. Ban san lokacin da na miƙe ba. Bargon ya zame ƙasa.

Abin mamaki, tsohon ya zabura ya tare ni da hannu biyu, kamar zan kife.

"Piano, piano, signora!" Yana nuna min kujera, yana dafa ƙirjinsa. "Malata!"

Wannan kalmar na san ta. Ita shugabar wurin aikinmu ke tambaya in wata ba ta zo ba. Mara lafiya.

"Wa?" na ce da Hausa. "Ni?"

Na juya wurin 'yata. Ta manne da bango, ta rufe kunnuwa da hannuwa.

Na ɗaga filo na zaro rigar aikina. Na jawo takalmin daga ƙarƙashin gado. Na buɗe masa tafukan hannuna ya ga tabon guga.

"Io no malata. Io lavoro." Lafiyata ƙalau, aiki nake. Na ƙirga masa da yatsu. "Sei. Sei giorni."

Kwana shida a mako nake tsaye a gaban tururi.

Ya dubi rigar. Ya dubi hannuna. Ya dubi ledar madarar da ya kawo. Sai ya ɗora hannu biyu a ka ya zauna a kujerar da na tashi, makullansa suka yi ƙara.

Na durƙusa gaban Mamana. Na cire hannuwanta daga kunne. Sanyi ƙalau.

"Dube ni."

Ta ƙi.

"Ba dukanki zan yi ba. Na taɓa dukanki? Dube ni. Wacece watan nan ta ajinku?"

Sai kukan ya ɓalle, irin wanda aka daɗe ana dannewa, har da shessheƙa.

"Ni ce."

"Gaya min tun daga farko."

"Ranar da ya ce ya ƙara kuɗi... ranar ce kika ƙone a hannu. Kin shiga banɗaki kin kunna famfo don kada in ji kina kuka. Amma na ji. Kina cewa ya Allah ina zan sa kaina."

Na rufe ido.

"Da ya zo ya ce ɗari biyar da hamsin, na san ba mu da shi. Na ga kina ƙirgawa da safe, babu saura. In na faɗa miki za ki sake shiga banɗaki. Shi ne na ce miki ya ce ya gode."

"Shi kuma me kika ce masa?"

"Na ce Abba zai aiko da sauran."

"Sai kuma?"

"Da wata ya zagayo ya ce ina aiken. Ya ce in ba a biya ba akwai masu son ɗakin. Umma, matar nan ta ce in ba mu da ɗaki za a tafi da ni! Na ji ta! Kin ɗauka wasa nake, na ji ta!"

"Na sani. Na sani, Mamana. Sai kika ce masa me?"

"Na ce ba ki da lafiya."

"Shi ne bargon."

Ta gyaɗa kai.

"Ya ji tausayi ya ce ba komai, sai kin warke. Da ya sake zuwa ya ce har yanzu? Sai na ƙara."

"Kika ƙara me?"

"Na ce an kore ki a aiki. Na ce ba kya iya tashi. Na ce ni nake dafa mana abinci, ni nake wanki, ni nake kai kaina makaranta. Kullum in na ƙara sai ya daina maganar kuɗi. Umma, ai ya yi aiki! Ba mu bar ɗakin ba!"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Abu biyu matar ta faɗa. 'Yata ta riƙe na farko da hannu biyu, ta manta da na biyun. Don ta tsare mana ɗaki, ta kwantar da uwarta ciwo.

Na jawo ta na rungume. Ƙasusuwan bayanta duk suna taɓuwa. Wata huɗu tana ɗauke da wannan ita kaɗai, ni ina ba ta ruwan ɗumi ina cewa tsutsar ciki ce.

"Umma, wuta zan shiga?"

"Ba inda za ki shiga. Kin ji ni? Ba laifinki ba ne. Ni na tsayar da ke a wurin da ba naki ba."

Na share hawayena da bayan hannu. Kuka ba zai biya haya ba. Na buɗe akwati, na zaro abin da nake tarawa don saya mata rigar sanyi. Na ajiye a kan tebur gaban tsohon.

"Cento. Oggi." Yau. Na nuna kaina, na nuna rigar aiki, na zana mako da yatsa a kan tebur. "Settimana, cinquanta. Settimana, cinquanta. Per favore." Hamsin duk mako, don Allah.

Ya ture kuɗin ya dawo min da su.

Na sake turawa. "Per favore. Sessanta. Sessanta!" Na ƙara goma, ban ma san inda zan samo ta ba.

"No, no, signora. Soldi no."

Idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Ya zaro waya daga aljihu yana nuna min ita, yana nuna ƙirjinsa, yana magana da sauri. Mamana ta ɗago kai daga jikina. Na ji ta sandare.

Ta buɗe baki za ta fassara. Na sa hannu na rufe bakin.

"A'a. Kin gama."

Na dubi tsohon. "Piano," na ce. A hankali.

Ya sassauta, kamar mai magana da jariri.

"Io. Telefono." Ya kara wayar a kunne. "Assistente sociale."

Wannan ko wadda ta sauka garin nan jiya ta san shi. Duk uwar da ke gidan wankinmu ta iya shi tun kafin ta iya gaisuwa. Ofishin kula da yara.

Ya kira su. Ba don mugunta ba. Ya ga yarinya 'yar shekara bakwai tana dafa abinci tana jinyar uwa, ya kasa barci, ya kira su taimaka.

"Quando?" Yaushe.

"Oggi." Ya nuna agogon hannunsa. "Alle quattro."

Huɗu. Lambar da na fi kowace iyawa.

Na ɗaga kai na dubi agogon bango. Saura kaɗan.

Tsohon ya hau danna waya, ya kara a kunne, ya jira, ya sake dannawa. Yana zagaye ɗakin yana magana shi kaɗai. Daga ƙarshe ya buɗe hannuwa ya nuna taga. Sun riga sun taso.

Na ɗauki tawa wayar na kira Yaya Mai Guga. Sai da ta kusa tsinkewa ta ɗauka, ƙarar injina ta cika min kunne.

"Ke 'yar makaranta, kin ci jarrabawar ko kin ba ni kunya?"

"Yaya, za su ɗauke min 'ya."

Na ji ta bar wurin injin. Ƙofa ta rufe, ƙarar ta ɗauke.

"Faɗa min. Gajere."

Na faɗa mata, kalmomi suna hawa kan juna.

"La ilaha illallahu. Wannan 'ya taki ta fi mu duka wayo, kuma wayon ne zai kashe mu. Saurara. Kina ji na?"

"Ina ji."

"Sa rigar aikinki yanzu. Ki tsaya da ƙafafunki, kada su same ki a zaune. Ɓoye bargon nan. Kada ki sa hannu a kowace takarda, ko sun ce ta gaisuwa ce. Tsohon kada ya tafi, shi ne shaidarki."

"In sun tambaye ni fa? Ni ba abin da na iya sai ƙirga!"

"Kada ki bari yarinyar ta fassara. In suka ga ita ce bakinki, sun sami abin rubutawa. In kuma ta tsorata ta sake ƙara wata, mun shiga uku."

"To me zan ce?"

"Kalma ɗaya. Aspettate. Wato ku jira. Maimaita."

"Aspe... aspetta..."

"Aspettate! Buɗe baki, yau ba ranar raɗa ba ce! Ki ce trenta minuti. Trenta nawa?"

"Talatin."

"Ga shi kin sani. Bas zan hau, rabin awa ina ƙofarki. Ki riƙe su ko da shayi ne, ko da ƙirga musu tayil ɗin ɗakin ne. Kada ki yi kuka a gabansu, in kin yi sai na ci mutuncinki."

Ta kashe.

Na zura rigar aiki a kan kayana, na ɓalle maɓallan ba daidai ba, na sake. Na cusa bargon cikin akwati. Na jiƙa tsumma na goge wa Mamana fuska, na gyara mata kitso da yatsu. Tsohon ya miƙe zai nufi ƙofa, na tare hanya na haɗa hannuwa biyu.

"Per favore."

Ya dube ni. Ya dubi yarinyar. Ya cire hularsa ya koma ya zauna.

Ƙarar mota a ƙasa.

Na leƙa ta taga. Farar mota ta tsaya a ƙofar gida. Matar nan ce ta fito, da jakarta a kafaɗa. Wani namiji ya fito ta ɗaya gefen. Na zuba ido in ga tafinta ya fito.

Ba wanda ya fito.

Ta gilashin baya na hango kujerar yara a ɗaure, ba kowa a kai.

Na dafa bango, na ce Hasbunallahu, na miƙe.

Takunsu a bene. Hawa na ɗaya. Su ba sa tsayawa hutu irin na tsoho. Hawa na biyu.

Mamana ta ja bakin rigata.

"Umma, in ce musu me?"

"Ba abin da za ki ce."

"Zan ce ni na yi ƙarya. Zan ce su kai ni kurkuku ni kaɗai."

"Shiga bayana. Riƙe rigata da kyau. Bakinki ya huta, yau nawa ne zai yi aiki."

"Ai ba ki iya ba, Umma."

"Na iya har ɗari shida."

Aka ƙwanƙwasa.

Na buɗe. Matar ta buɗe baki za ta yi gaisuwa, ta gan ni tsaye cikin rigar aiki, ta tsaya. Ta leƙa ta ga tsohon. Shi kuwa ya miƙe ya hau bayani da hannu da baki, ta ɗaga masa tafi ɗaya, ya yi tsit.

Namijin da ke bayanta yana riƙe da wata ƙaramar jaka mai hoton zomo. A lanƙwashe take. Babu komai a ciki.

"Aspettate," na ce. Muryata ta fita, har ni na ji mamaki. "Trenta minuti. Per favore. Trenta."

Matar ta dube ni sama da ƙasa. Ta duba agogonta. Sannan ta karkata kai, ta tsallake ni da ido, ta nemo fuskar da ke leƙowa ta bayan rigata. Ta yi mata murmushi, ta yi magana mai tsawo cikin taushin murya.

Na ji yatsun Mamana sun nutse a cinyata.

A cikin maganar duka, abu biyu kawai na kama.

Bambina. Yarinya.

Dieci minuti.

Goma.

Ke da kike riƙe da waya kina karanta wannan, in akwai yaron da kike turawa gaba ya yi miki magana da mai gida, ko likita, ko mai kanti, don kin ga bakinsa ya fi naki, ki ajiye wayar nan ki dube shi da kyau. Ki tambaye shi cikinsa. Yaron da kika mayar bakinki shi ne kunnenki, kuma yana sonki fiye da yadda zai bari ki ji abin da zai sa ki kuka. Ki nemi mai koya miki yau, ko daga ɗaya zuwa goma ne, ko da zagi ne, ko da dariya za a yi miki. Kada ki jira sai an tsaya a ƙofarki da jakar da babu komai a ciki.